Wutar Lahira A Wurin Malaman Kirista: Tsakanin Adalci Da Rahama

Godiya ta tabbata ga Allah Mamallakin ranar sakamako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da sauran 'yan'uwansa Annabawa da Manzanni.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta daɗe tana hana masu tunani barci a cikin mabiya addinan da suka yarda da tashin ƙiyama. Tambayar kuwa ita ce: mutum ya rayu shekara sittin ko saba'in yana saɓo, ta yaya sakamakonsa zai zama azabar da ba ta da ƙarshe, alhali kuwa Mai hukuncin Shi ne mafi adalcin masu adalci, kuma mafi jinƙan masu jinƙai? Malaman Kirista sun shafe kusan shekara dubu biyu suna kai da komowa a kan wannan mas'ala. Ya kamata Musulmi ya san abin da suka ce, domin a garuruwa irin su Kaduna da Jos maƙwabcinsa na kasuwa da abokin aikinsa Kirista ne, kuma ba ya kyautuwa mutum ya yi hukunci a kan aƙidar da bai san ko ƙofarta ba.

Da farko dai Kiristoci, kamar Musulmi, sun yi imani da cewa za a tayar da matattu, a yi hisabi, wasu su shiga ni'ima wasu su shiga halaka. Sai dai su a wurinsu Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne alƙalin wannan rana, wanda wannan ya saɓa wa aƙidar Musulunci cewa hukunci na Allah ne Shi kaɗai. A littattafansu akwai kalmomi dabam-dabam da aka riƙa fassarawa da wuta. Akwai Sheyol da Ibrananci da Hades da Yunananci, waɗanda asalin ma'anarsu mazaunin matattu ne. Sa'an nan akwai Gehenna, wadda ta zo sau goma sha biyu a Sabon Alkawari. Asalinta sunan wani kwari ne a kudancin tsohon birnin Ƙudus, Kwarin Hinnom, inda aka taɓa ƙona 'ya'ya domin bautar gunki, har Annabawan Bani Isra'ila suka la'anci wurin. Masana harsuna suna ganin kalmar Jahannama da wannan kalma tushensu ɗaya, ko da yake wasu malaman lugga na Larabci sun ce daga sunan rijiya mai zurfin gaske aka samo ta.

Amsa ta farko, wadda ta fi rinjaye a tarihin Kirista, ita ce azaba ce ta gaskiya, a jiki da ruhi, kuma ba ta yankewa. Babban wanda ya kafa mata hujjoji shi ne Agustin, mutumin Arewacin Afirka, bishop na garin Hippo, watau Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekarar 430 Miladiyya. A kashi na 21 na littafinsa mai suna Birnin Allah ya tunkari masu cewa tsawon azaba ya kamata ya yi daidai da tsawon laifi. Ya ce babu wata shari'a ko a duniya da take auna horo da sa'o'in da aka ɗauka ana aikata laifi. Mai kisan kai yakan gama ta'asarsa cikin ƙiftawar ido, amma alƙali yakan raba shi da jama'a rabuwar da babu dawowa. Abin dubawa shi ne girman laifi. Ya ƙara da cewa a Linjilar Matta, sura ta 25, kalma ɗaya aka yi amfani da ita wajen siffanta rayuwar 'yan Aljanna da azabar 'yan wuta, saboda haka wanda ya ce ɗaya za ta ƙare, to, ya buɗe ƙofar cewa ɗayar ma za ta ƙare. Waɗanda suka zo bayansa, irin su Anselm na Kantabari da Toma Akwinas wanda ya rasu a 1274, sun ƙara wata hujja: girman laifi yana bin girman wanda aka yi wa laifin, to, wanda ya saɓa wa Ubangijin da girmansa ba shi da iyaka, laifinsa ma ba shi da iyaka. Paparoma Giregori na Farko, wanda ya rasu a 604, ya kawo tasa, cewa mai taurin kai da ya mutu a kan saɓo, da za a bar shi ya dawwama a duniya da ya dawwama yana saɓon, don haka a kan nufinsa aka kama shi.

Wannan amsa tana kiyaye abu mai nauyi, watau cewa aikin mutum ba wasa ba ne, kuma azzalumin da ya kuɓuce wa alƙalan duniya bai kuɓuta ba. Amma ta zo da kaya mai wuyar ɗauka sa'ad da aka haɗa ta da aƙidar zunubin gado, wadda take cewa kowane ɗan Adam an haife shi da laifin Annabi Adamu a wuyansa. Agustin ya bi hujjarsa har ƙarshenta, ya ce jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba shi ma yana cikin halaka, sai dai azabarsa ita ce mafi sauƙi. Zukatan iyaye ba su iya haɗiye wannan ba. Malaman Katolika na baya suka zo da ra'ayin wani matsayi da ake kira Limbo, inda babu azaba kuma babu ganin Ubangiji, har a shekarar 2007 wani kwamitin malaman tauhidi na fadar Paparoma ya bayyana cewa akwai dalilai masu ƙarfi na fatan tsira ga irin waɗannan jarirai. A nan mai karatu zai ga yadda hujjar da ta tsaya daidai a takarda takan yi tuntuɓe idan ta iso bakin kabarin yaro.

Amsa ta biyu ma daɗaɗɗiya ce a rubuce. Mai ita shi ne Orijin na Iskandariya ta ƙasar Masar, wanda ya rasu wajen shekarar 254 bayan ya sha azaba a kurkukun Rumawa saboda addininsa. A ganinsa wutar Ubangiji magani ce. Kamar yadda wanzami yakan yi wa maruru sakiya da ƙarfe mai zafi don mugunya ta fita, ko maƙeri ya saka azurfa a wuta don ta rabu da dauɗa, haka Allah yake horon bawa don ya gyara shi. Idan gyara ya tabbata, horo ya ƙare, kuma a ƙarshe dukan halitta za ta komo ga Mahaliccinta. Masu wannan ra'ayi sun kafa hujja da cewa kalmar Yunananci da ake fassarawa da har abada tana iya nufin zamani mai tsawo. Giregori na Nissa, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na huɗu, ya tafi a kan irin wannan fahimta, kuma har yau ana lissafa shi cikin waliyyan coci. Shi kuwa Orijin bai tsira ba. A shekarar 543 Sarkin Rum Yustiniyan ya sa aka la'anci masu cewa azabar shaiɗanu da miyagun mutane za ta ƙare, kuma babban taron malamai da aka yi a Ƙusɗanɗiniya a 553 ya ambaci sunan Orijin cikin 'yan bidi'a. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba. A 1853 an kori wani shaihin malami mai suna Moris daga Kwalejin Sarki ta Landan saboda ya yi shakka a kan ma'anar dawwamar azaba, kuma har a wannan ƙarni akwai malaman Kirista a Amurka da Turai da suke rubuta littattafai suna kare tsirar kowa da kowa.

Ƙarfin wannan amsa shi ne ta ɗauki rahamar Ubangiji da gaske, kuma ta yi tambaya mai kyau: mene ne amfanin horon da ba ya gyara kowa? Rauninta kuwa, idan ƙarshen Fir'auna da na waɗanda ya yanka ɗaya ne ko ta halin ƙaƙa, to, zaɓin da aka bai wa mutum ya koma jinkiri kawai. Mutum zai iya cewa a'a na ɗan lokaci, amma ba a yarje masa ya ce a'a har ƙarshe ba. Kuma masu sukar ra'ayin sun ce gargaɗin Annabawa zai zama kamar barazanar uwar da yaro ya riga ya san ba za ta doke shi ba.

Amsa ta uku ta bi tsakiya. Masu ita suka ce aikin wuta cinyewa ne, abin da aka jefa mata yakan ƙone ya ƙare. Rai madawwami kyauta ce da Allah yake bai wa waɗanda suka tsira, wanda aka hana shi kuwa zai sha hukunci gwargwadon laifinsa sa'an nan ya shuɗe, ya zama babu. Suna cewa littattafansu sun fi siffanta makomar miyagu da mutuwa da halaka, kuma ra'ayin cewa ruhi ba ya mutuwa a kan kansa daga falsafar Aflatun ya shigo. An sami wannan tun wajen shekarar 300 a rubutun Arnobiyus, shi ma mutumin Arewacin Afirka ne. A wannan zamani ita ce aƙidar ɗarikar masu kiyaye ranar Asabar da ake kira Adbentis, da Shaidun Jehobah. A 1988 Jon Stot, ɗaya daga cikin manyan masu wa'azin Furotesta a Ingila, ya bayyana cewa zuciyarsa ta karkata ga wannan fahimta, abin da ya jawo ƙura mai yawa tsakanin mabiyansa. A 1995 kwamitin aƙida na Cocin Ingila ya fitar da rahoton da ya siffanta wuta da ƙarewar samuwa baki ɗaya. Cocin Katolika ba ta karɓi wannan ba, domin tun a taron Lateran na 1513 ta tabbatar da cewa ruhin mutum ba ya mutuwa. Masu suka kuma sun ce da yawa daga cikin azzalumai ba abin da suke fata illa a ce mutuwa ita ce ƙarshe, to, ina tsoratarwa a cikin ba su abin da suke so?

Akwai kuma waɗanda suka riƙe dawwama amma suka sāke fassara ma'anar azabar. Ishaƙu na Ninawa, wani mai zuhudu da aka haifa a yankin Ƙatar a ƙarni na bakwai, ya ce ƙaunar Ubangiji ce da kanta take zama bulala ga wanda ya gane cewa ya ci amanarta, domin babu zafin da ya kai nadamar wanda ya cuci mai ƙaunarsa. Marubucin Ingila Luwis, wanda ya rasu a 1963, ya tafi a kan cewa ɗan wuta shi ne ya kulle kansa, Allah kuwa ya bar shi da abin da ya zaɓa. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya ce babbar azabar wuta ita ce rabuwa da Allah har abada, kuma a 1999 Paparoma Jon Pol na Biyu ya bayyana cewa an fi nufin halin wanda ya raba kansa da Ubangiji bisa zaɓinsa a kan a ce wani wuri ne.

Ba za a bar wannan magana ba sai an taɓo Furgatori, watau matsayin tsarkakewa da Katolika suka ce mumini mai sauran datti yakan ratsa kafin ya shiga Aljanna. An tabbatar da shi a tarurrukan Liyon a 1274, da Fulorens a 1439, da Tirent a 1563. To, da yake an ce addu'a da sadakar masu rai suna rage wa mamaci zama a can, sai wasu suka mai da abin kasuwa, suna sayar da takardun sassauci ga talakawa masu jin tausayin iyayensu da suka mutu. Wannan ciniki na daga cikin abin da ya tunzura Martin Luta ya fito da batutuwansa 95 a ƙasar Jamus a shekarar 1517, cocin Yamma ta dare gida biyu. A 1567 Paparoma Payos na Biyar ya hana haɗa sassauci da kuɗi. Darasin da yake cikin wannan bai tsaya ga Kiristoci ba: duk inda tsoron lahira ya zama abin neman abinci, to, addini ne yake biyan kuɗin.

Musulmi mai ilmi zai lura cewa wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a gidansa. Jumhurun malaman Sunna sun tafi a kan cewa Aljanna da wuta ba sa ƙarewa, kuma wanda ya mutu a kan kafirci bayan hujja ta tsaya a kansa zai dawwama, amma masu saɓo daga cikin ma'abota tauhidi za a fitar da su da ceto ko da rahamar Allah. An ruwaito daga Hasanul Basri cewa niyya ce ta dawwamar da kowane ɓangare a mazauninsa, kuma Suratul An'am ta nuna cewa da za a mai da su duniya da sun koma ga abin da aka hana su. Wannan ita ce hujjar da Giregori ya kawo. A ɗaya gefen, Ibn Taimiyya wanda ya rasu a 1328 da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun tattaro dalilan masu cewa wuta za ta ƙare, suna dogaro da togaciyar da ta zo a Suratu Hudu da Suratul An'am, da kalmar ahƙaban ta Suratun Naba'i, da kuma cewa rahama siffar Allah ce ta zati. Alƙali Taƙiyyuddin Subki ya rubuta musu raddi mai zafi, kuma fahimtar jumhur ce ta ci gaba da zama abin koyarwa. Inda hanya ta rabu da ta Agustin sarai shi ne zunubin gado. A Musulunci kowa an haife shi a kan fiɗira, babu mai ɗaukar laifin wani, kuma Suratul Isra'i ta tabbatar da cewa babu azaba sai bayan aiko Manzo. Saboda haka Imam Nawawi ya rinjayar da cewa 'ya'yan mushirikai da suka mutu suna ƙanana 'yan Aljanna ne, Imam Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya ba da uzuri ga waɗanda kira bai kai gare su ba, ko ya kai musu a gurɓace.

Idan aka auna duka amsoshin za a ga kowace tana tsaron wata gaskiya: ɗaya adalci, ɗaya rahama, ɗaya 'yancin zaɓi. Hankalin ɗan Adam yakan ga kamar suna karo da juna domin alƙalin duniya ba ya iya cika ɗaya sai ya tauye ɗaya. Shi bai san abin da yake cikin ƙirji ba, bai san wace hujja ce ta isa ga mutum ba, bai san abin da ya faru tsakanin bawa da Ubangijinsa a numfashin ƙarshe ba. Mai hukuncin lahira kuwa ya san duk wannan. Abin da ya wajaba a kan mumini shi ne ya gaskata abin da wahayi ya faɗa game da siffofin 'yan wuta, ya kuma kame bakinsa daga aika wani mutum takamaimai cikinta, in ba wanda nassi ya ambata ba. A Sahihu Muslim akwai labarin wanda ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai aka gafarta wa wanen, shi kuma aka ɓata aikinsa. Cocin Katolika ma, duk da ɗimbin waliyyan da ta ayyana cewa suna Aljanna, ba ta da wani jerin sunaye na 'yan wuta.

Ma'aunin da ya fi kusa da kowa shi ne abin da imani da wuta yake haifarwa a zuciyar mai shi. Tartuliyan na Kartaja, wajen shekarar 200, ya rubuta yadda zai yi murna da dariya ranar da zai ga sarakunan da suka azabtar da Kiristoci suna ƙuna. Ishaƙu na Ninawa kuwa ya ce zuciya mai jinƙai takan zubar da hawaye saboda dukan halitta, har da maƙiyan gaskiya. Alƙur'ani a Suratul Kahfi da Suratush Shu'ara'i ya siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cewa ya kusa halaka kansa don baƙin cikin rashin imanin mutanensa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya miƙe tsaye sa'ad da aka wuce da gawar Bayahude, ya tunatar da sahabbai cewa ita ma rai ce. Wanda ambaton wuta yake sa shi jin daɗi don ya tuna da maƙiyinsa, to, ya binciki zuciyarsa, domin ba wannan ne halin Annabawa ba.

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne tambayoyin ranar hisabi kamar yadda suka zo a bangarorin biyu. A sura ta 25 ta Matta, abin da ya raba mutanen dama da na hagu shi ne ciyar da mayunwaci, da shayar da mai ƙishirwa, da saukar da baƙo, da tufatar da matsiraici, da gaida marar lafiya da ɗan kurkuku, kuma duka ɓangarorin biyu sun yi mamakin hukuncinsu. A hadisi ƙudusi da Muslim ya ruwaito, Allah zai tuhumi ɗan Adam a kan marar lafiyar da bai gaishe shi ba, da mayunwacin da bai ciyar ba, da mai ƙishirwar da bai shayar ba. An kuma ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure har ta mutu da yunwa, wata mai zunubi kuma aka gafarta mata saboda karen da ta shayar. Saɓanin aƙida tsakanin Musulmi da Kirista na gaske ne, ba a ɓoye shi, kuma kowa zai tsaya a gaban Ubangijinsa da abin da ya riƙe. Amma tsawon zaman wuta ba a hannun bawa yake ba. Abin da yake hannunsa shi ne gyara imaninsa, da mayar da haƙƙin da ya ci, da duba maƙwabcin da ya kwana bai ci abinci ba, ko wane addini yake bi.

Allah Ya tsare bayinsa daga azabar wuta, Ya sa a cika da imani, Ya haɗa zukata a kan gaskiya. Amin.